Biron BIC Cristal: Inda Maƙerinsa Ya Saki Hannu da Inda Ya Tsuke

Aikina na rubuta rasit da cike littafin lissafi a shagon kayan gini ya sa babu ranar da za ta fito ta faɗi ban riƙe biro na sa'o'i ba, amma na shafe shekaru ban taɓa tsayawa na karanta sunan da ke jikin wanda nake rubutu da shi ba. Abin da ya sa na fara dubawa shi ne wani kwali da na saya a kasuwa saboda arha, wanda birukan cikinsa suka yi kama da na kirki ta kowace fuska: jiki garai-garai mai gefe shida, shuɗin murfi mai maƙali, har da 'yar hudar da ke gefe. Kafin wata ya ƙare kusan rabinsu sun mutu da tawadarsu cike a ciki, wasu suna rubutu suna tsallake, ɗaya kuma ya yi mini aman tawada a aljihun farar riga ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci. Daga nan na koma kan BIC Cristal, na yi watanni ina aiki da shi kaɗai, ina kuma kwance waɗanda suka ƙare ina duba cikinsu, domin in gane abin da ya raba kaya biyu da ido ba ya iya bambancewa a kan teburin mai shago.

Abin da na gano shi ne wanda ya tsara wannan biro ya tattara kuɗinsa da ƙwarewarsa duka ya zuba su a wuri ɗaya wanda bai kai girman ƙwayar gero ba, wato bakin da ke taɓa takarda, sannan ya tsuke hannu iyakar tsukewa a kan duk sauran jikin. Masu kwaikwayo kuwa sun ɗauki abin da ido yake gani, wanda dama shi ne mai arhar yi, suka yi rowa a wurin da ba a gani.

Sunan da muke kiran abin da shi ma yana ɗauke da tarihinsa. Biro sunan mutum ne, László Bíró, wani ɗan jarida daga Budapest ta ƙasar Hangari, wanda ya lura cewa tawadar buga jarida tana bushewa nan da nan ba ta dagulewa, alhali tawadar alƙalamin zamaninsa ruwa ce tsululu mai ɓata takarda. Tawada mai kauri ba ta iya bin bakin alƙalami na gargajiya, saboda haka shi da ɗan'uwansa György, masanin haɗa sinadarai, suka nemi hanyar da 'yar ƙwallo mai juyawa za ta riƙa ɗebo ta tana shafawa a takarda. Ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, bayan ya yi ƙaura zuwa Ajantina kuma ya sake yin wata rajistar a 1943. Mu da muka karɓi kalmar ta bakin Turawan Ingila muna cewa biro, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa da suka karɓe ta ta bakin Faransawa suna cewa bik, kuma wannan suna na biyu shi ne na mutumin da ya mayar da abin kayan kowa.

Kafin shi, biro kayan ƙawa ne mai tsada wanda ba a iya dogara da shi. Lokacin da aka fara sayar da irinsa a kantin Gimbels na birnin New York a watan Oktoba na 1945, dala 12.50 ake ba da guda, kuma ba a daɗe ba ya yi ƙaurin suna wajen yoyo da ƙin rubutu. Marcel Bich, wanda shi da abokin aikinsa Édouard Buffard suke da 'yar masana'antar yin sassan alƙalami a Clichy kusa da Paris, ya sayi izinin amfani da ƙirar Bíró, sannan ya zuba jari a injinan Suwizalan masu iya yanka ƙarfe da daidaiton da ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. A watan Disamba na 1950 ya fitar da Cristal, ya kuma cire harafin ƙarshe na sunansa ya bar BIC. Da ya kai shi Amurka a 1959, santi 29, wato ƙasa da sulusin dala ɗaya, aka fara sayar da shi. Tazarar da ke tsakanin dala 12.50 da santi 29 ba ta samu ta hanyar rage ingancin rubutu ba, domin biron mai arhar ya fi mai tsadar rubutu nesa ba kusa ba.

Idan mutum ya zare bututun tawada ya kawo bakinsa kusa da ido a cikin hasken rana, zai ga 'yar ƙwallo mai faɗin milimita 1 zaune a cikin wani ɗan gurbi na tagulla, an lanƙwasa leɓen gurbin ya rungume ta yadda za ta juya ko'ina amma ba za ta faɗo ba, kamar ƙwayar boris a cikin gidanta. Dukan rayuwar biro tana rataye ne a kan ratar da ke tsakanin ƙwallon da gurbinta. In ratar ta yi yawa ko da kaɗan, tawada za ta kwararo ta taru a baki ta riƙa ɗiga. In ta yi kaɗan, ƙwallon za ta cije ta daina juyawa, sai mutum ya ga biro cike da tawada amma ya mutu, irin waɗanda suka cika mini aljihun tebur. Haka kuma dole ƙwallon ta zama mulmulalliya sarai, domin in tana da ɗan tudu a gefe guda, duk zagayen da za ta yi sai ta bar giɓi a layin rubutu. Ga ƙananan hanyoyi da aka sassaƙa a ƙasan gurbin don su raba tawada ta kewaye ƙwallon daidai wa daida, waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake iya ganin su.

Da farko da baƙin ƙarfe marar tsatsa ake yin ƙwallon, amma a 1961 kamfanin ya koma amfani da tangistin kabayid, wani haɗi mai tsananin tauri wanda da shi ake yin haƙoran wasu injinan yanka ƙarfe da bakin abin huda kankare. Wannan zaɓi ya fi tsada kuma ya fi wuyar sarrafawa, domin goge irin wannan abu har ya yi sumul yana cin lokaci mai tsawo a cikin inji. Dalilinsa shi ne takarda, duk laushin da muke ganin tana da shi, tana cin ƙarfe a hankali, kuma ƙwallon da za ta yi tafiyar kilomita 2 ko fiye a kanta, wanda shi ne tsawon layin da tawadar biro ɗaya take iya ja, tana bukatar ta ƙare tafiyar da girman da ta fara. In ta lalace a tsakiyar hanya, ratar nan da aka auna da ƙyar ta buɗe, sauran tawadar kuma ta zama asara. A nan ne kawai Bich ya yarda ya kashe kuɗi ba tare da ciniki ba. Duk mai ganin wannan aiki wasa ne ya tuna cewa ƙasar Sin, wadda take yin biruka biliyoyi a kowace shekara, ta daɗe tana shigo da ƙarfen bakin biro mai inganci daga waje, har Firaministan ƙasar na wancan lokaci, Li Keqiang, ya fito fili ya koka a kan haka, kuma sai a farkon 2017 kamfanin ƙarfe na Taiyuan ya sanar cewa ya iya yin nasa.

Bayan baki sai tawada, wadda ita ma aka auna kaurinta da ratar ƙwallon, ta yadda ba za a iya canja ɗaya a bar ɗayar ba. Bututun da take ciki siriri ne da gangan, kuma bayansa a buɗe yake. Sirantarsa da kaurin tawadar su ne suke hana ta zubowa ta baya idan aka kwantar da biro. Nauyinta ne yake saukar da ita zuwa baki, shi ya sa wanda ya jingina takarda da bango ya ɗaga bakin biro sama zai ga rubutun ya ɗauke bayan layi biyu ko uku. 'Yar hudar da ke gefen jikin, wadda a makaranta muka ɗauka ado ce ko kuskuren inji, ita ce take barin iska ta shiga ta maye gurbin tawadar da ta fita, ta kuma daidaita iskar ciki da ta waje lokacin zafi ko a cikin jirgin sama. Matsalar da wani maƙeri zai magance da bawul ko wani ƙarin sashe, nan an magance ta da rami, wanda ba ya cin ko kwabo, hasali ma rage roba yake yi.

Irin wannan lissafi ne ya bi dukan jikin. An ari siffar gefe shida daga fensir, kuma tana yin aiki fiye da ɗaya a lokaci guda: yatsu uku da ke riƙe da biro kowanne yana samun fili shimfiɗaɗɗe da zai zauna a kai, biron ba ya gangarowa daga kan kanta mai ɗan karkata, sannan robar da ake bukata ta fi ta jiki mai zagaye ƙanƙanta. Bambancin robar a biro ɗaya ba abin a zo a gani ba ne, amma idan aka ninka shi sau miliyoyi a kowace rana ya zama tan-tan na kaya. Wanda ya yi zamanin kaset kuma ya san wani amfanin da maƙerin bai yi niyya ba, domin waɗannan kusurwoyi suna kama haƙoran ramin kaset cif-cif, sai a soka biro a riƙa wulwulawa a sama ana mayar da zare baya don a tsimi batir. An bar jikin garai-garai ba tare da fenti ba, abin da ya rage mataki ɗaya a masana'anta, ya kuma ba mai rubutu damar ganin tawadar da ta rage. Ni wannan ya fi mini komai amfani a ranar kasuwa, domin da safe nakan ɗaga biro in duba, in na ga saura ɗan yatsa sai in ɗauko wani kafin layi ya taru. Launin tawada kuwa murfi da ɗan toshin baya ne kaɗai suke nuna shi, saboda haka jiki iri ɗaya ake zubawa ga shuɗi da baƙi da ja da kore.

Ba roba iri ɗaya aka yi amfani da ita ba, kuma wannan ma zaɓi ne da aka yi da tunani. Jikin na folistirin ne, roba mai tauri da haske kamar gilashi, wadda ba ta lanƙwasawa a hannu amma tana tsagewa in an taka ta. Murfin na folifurofilin ne, mai laushi da juriya, wanda yake iya buɗewa kaɗan ya kama jiki ya koma yadda yake sau dubbai, kuma maƙalinsa yana lanƙwasawa a bakin aljihu ba tare da ya karye ba. Da an yi murfin da robar jikin, da maƙalin ya ɓalle a makon farko. Da an yi jikin da robar murfin, da ya yi dishi-dishi ya kuma riƙa lanƙwashewa idan an danna. A birukan kwalin nan nawa na arha, murfinsu ya saki tun kafin tawada ta mutu, wasu kuma suka tsage daga baki, alamar cewa an zuba duk robar da ta samu ne kawai.

Canji mafi girma da aka yi wa siffar biron tun fitowarsa shi ne hudar da ke saman murfi, wadda aka ƙara a 1991, wadda kuma ƙa'idar kariya ta duniya mai suna ISO 11540 take bukata. Yara suna tauna murfin biro, manya ma suna yi, kuma akan samu wanda murfin zai zarce masa maƙogwaro ya toshe numfashi. Hudar tana barin iska ta wuce kafin a kai ga likita. Akwai masu cewa an yi ta ne don tawada ta bushe da wuri a sayi wani, amma wannan zargi bai zauna ba, tunda tawadar biro ba irin mai bushewa da shan iska ba ce kamar ta alƙalamin maka, kuma ƙwallon da kanta ita ce marfin tawadar. Duk uban da yake saya wa 'yan firamare biro ya kamata ya busa murfin ya ji ko iska tana wucewa, domin na ga murafan kwaikwayo da aka yi musu siffar huda a waje alhali a toshe suke ta ciki.

Idan aka baje sassan a kan tebur, abin da zai ba mutum mamaki shi ne abubuwan da babu. Babu sifirin, babu maɓallin dannawa, babu kusa ko zaren murɗawa. Kowane sashe cusa shi ake yi cikin ɗan'uwansa ya kama. Duk sashen da aka cire, an cire injin da zai yi shi, da wanda zai haɗa shi, da kuma wata hanya da biron zai iya lalacewa. Nauyinsa duka bai kai giram 6 ba. Saboda siffar ba ta canjawa shekara da shekaru, mazuban ƙarfen da ake tura narkakkiyar roba a ciki suna biyan kuɗinsu su yi ta aiki, kuma wannan yana cikin sirrin arharsa. A watan Satumba na 2006 kamfanin ya sanar cewa ya sayar da na biliyan 100, gidan adana kayan fasahar zamani na New York kuma ya ajiye shi cikin kayansa na dindindin. A 2019 kamfanin ya sayi Lucky Stationery ta Najeriya, mai yin biron Lucky da ɗalibanmu suka sani.

A wajen aiki, inda ya fi burge ni shi ne littafin rasit mai kabon. Bakinsa yana ɗaukar dannawa, rubutu yana ratsawa har takarda ta uku, kuma tawadar ba ta jiƙa takarda ta ɓullo ta baya, ko da irin takardar nan ce mai arha. Rasit ɗin da ya sha gumi a aljihun direba ko yayyafi ya taɓa shi yakan dawo ana iya karanta shi, abin da biro mai tawadar ruwa ba ya iya yi. Da sanyin safiyar hunturu tawadar takan yi nauyi, layin farko ya fito fari-fari, sai an murza biron tsakanin tafin hannu ko an yi 'yan zane-zane a gefen takarda kafin ya kama. Wannan halin duk tawada mai kauri ne, kuma ba ya wuce 'yan daƙiƙu.

Tsuke hannun nan kuwa yana da farashinsa, kuma yatsun mai rubutu ne suke biya. Jikin siriri ne, mai tauri, babu wani laushi a inda ake riƙewa, kuma tawada mai kauri tana bukatar a ɗan danna fiye da yadda ake yi da biro mai tawadar jel. Wanda zai sa hannu a takarda ko ya rubuta rasit ashirin ba zai ji komai ba, amma ɗalibin da zai zauna sa'o'i uku yana rubuta jarrabawa, ko malamin da zai kwana yana duba takardu da jan biro, zai tashi da kanta a gefen yatsarsa ta tsakiya, kuma kusurwoyin nan shida da suke taimakawa wajen riƙo su ne suke zama masu ciwo bayan an daɗe. Akan kuma samu ɗan dunƙulen tawada ya taru a leɓen baki bayan dogon layi, musamman idan ana ja da rula, wanda in hannu ya bi ta kai sai ya shafe. Ga masu rubutun ajami da Larabci akwai wani rashin: ƙwallo layi ɗaya take bayarwa ta kowace fuska, ba ta san kauri da siranta ba, saboda haka harafin da alƙalamin kara yake fitarwa da ƙiba a nan da ƙugu a can yakan fito a bushe kamar waya. Rubutu zai karantu, amma kyansa ya tafi. Murfin kuma, duk kyan robarsa, abu ne da yake rabuwa da jiki, kuma abin da yake rabuwa ɓata yake yi. Biro marar murfi a aljihu kuwa kowa ya san ƙarshen rigar.

Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne an tsara shi don a yar. Lokacin da tawada ta ƙare, jikin da murfin lafiyarsu lau, za su iya ɗaukar bututu goma nan gaba, amma tunda sabon biro bai fi sabon bututu tsada da wani abin kirki ba, babu mai shagon da zai ajiye bututun daban, babu kuma mai saye da zai nema. Haɗin roba iri biyu da tagulla da ragowar tawada a abu ɗan ƙarami haka ya sa masu tsintar roba ba sa kula shi, sai ya ƙare a kwata ko a wutar bola. A 1950, lokacin da roba take sabon abu, wannan lissafi ya yi daidai. Bayan biliyan 100 kuwa dole a sake duba shi. Kamfanin ya fitar da wani samfuri mai jikin ƙarfe da ake canja wa bututu a 2021, amma wannan ya bar asalin abin da ya sa Cristal ya shiga kowane aljihu, wato arha. Zan fi so a ce ana sayar da bututun tsohon samfurin a ƙulle goma-goma, ko da ofisoshi da makarantu ne kaɗai za su saya.

Ga mai shago, da ma'aikacin da ke cike fom, da duk wanda ake yawan aron bironsa ba a dawo da shi, ban ga wanda ya fi shi dacewa ba, domin yana rubutu har ɗigon ƙarshe kuma ɓatansa ba ya hana barci. Mai dogon rubutu ya nemi wani mai kaurin jiki da laushin riƙo, ya ajiye wannan na ko-ta-kwana. Wanda zai saya kuma, tunda kamanni ba ya nuna komai, kada ya tsaya duban jiki da murfi. Ya roƙi mai shago guntun takarda, ya zana da'ira goma a jere da sauri ba tare da ya ɗaga hannu ba, sannan ya ja dogon layi a hankali ba tare da dannawa sosai ba. In layin ya fito bai yanke ba, kuma babu dunƙulen tawada a inda da'irorin suka juya, bakin na kirki ne. Ni yanzu haka nake yi wa biyu ko uku daga tsakiyar kwali kafin in biya, ba na saman da mai shago ya miƙo ba.